Juan Manuel Fangio: Makaniken Balcarce da har yau ake gardama kan girmansa a tseren motoci

Duk lokacin da masu sha'awar tseren motoci na Formula 1 suka zauna gardamar wane direba ne ya fi kowa a tarihi, sunaye uku ne suka fi yawo a bakinsu: Ayrton Senna na Brazil, Michael Schumacher na Jamus da Lewis Hamilton na Birtaniya. Wanda ya kawo sunan Juan Manuel Fangio, ɗan Ajantina da ya rasu a 1995, akan yi masa kallon mai son tsohon zance. Ra'ayin cewa Fangio ne gwanin gwanaye ba shi da kasuwa a wurin matasan 'yan kallo, waɗanda ba su san shi ba sai a tsofaffin hotuna marasa launi.

Akwai kuma wani ra'ayin kishiyar wannan, wanda dattawan harkar da mutanen Ajantina ba sa son ji: wai Fangio ba wani abin mamaki ya yi ba, ya dai iya bin mota mafi kyau duk inda take, yana sauya kamfani kamar riga. Lissafinsa ne ya haifi ra'ayoyin biyu. Ya shiga tseren gasar duniya sau 51, ya ci 24. Ya zama zakaran duniya sau biyar, a 1951, 1954, 1955, 1956 da 1957, da kamfanoni huɗu daban-daban, abin da babu direban da ya sake yi. Kafin a yanke hukunci tsakanin ɓangarorin biyu, dole a san inda mutumin ya fito da irin zamanin da ya yi tuƙi a cikinsa.

Daga gareji zuwa tsaunukan Andes

An haifi Fangio ranar 24 ga Yunin 1911 a Balcarce, wani ƙaramin garin manoman dankali a lardin Buenos Aires. Iyayensa 'yan asalin yankin Abruzzo ne na Italiya, mahaifinsa kuma da aikin gini yake ciyar da gida. Yana ɗan shekara 13 ya bar makaranta ya kama koyon gyaran mota. A filin ƙwallon ƙafa ne abokansa suka laƙaba masa El Chueco, wato mai gwamen ƙafa, laƙabin da ya bi shi har kabari.

Tseren da ya fara yi suna a cikinsa ba irin na filin da aka shimfiɗa wa kwalta ba ne. A Ajantina ta wancan lokaci ana yin wata gasa da ake kira Turismo Carretera, inda ake gyara motocin hawa na Ford da Chevrolet a bi hanyoyin ƙasa da su na kwanaki, daga gari zuwa gari. Mutanen Balcarce ne suka yi karo-karo suka taimaka masa ya mallaki Chevrolet. A 1940 ya ci tseren da ya tashi daga Buenos Aires zuwa Lima, babban birnin Peru, ya komo, tafiyar fiye da kilomita 9,000 wadda ta ratsa tsaunukan Andes. A irin wannan tafiya direba shi ne makanike: in wani abu ya karye a daji, shi da mataimakinsa ne za su kwanta ƙarƙashin mota. Ya zama zakaran ƙasarsa a 1940 da 1941, sai Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da harkar, ya cinye masa shekarun da ake ganin su ne ganiyar direba.

A Oktoban 1948, a tseren Buenos Aires zuwa Caracas, motarsa ta kife da dare a arewacin Peru. Abokin tafiyarsa, Daniel Urrutia, ya mutu. Fangio ya yi tunanin barin tsere baki ɗaya. Waɗanda suka rubuta tarihinsa na ganin wannan dare ne tushen ɗabi'ar da aka san shi da ita daga baya, ta ƙin matsa wa mota fiye da abin da nasara ke buƙata.

Dattijo a cikin sababbin shiga

A 1949, da tallafin ƙungiyar masu motoci ta Ajantina da gwamnatin Juan Perón, ya tafi Turai yana dab da cika shekara 38, shekarun da direbobin yau da yawa sun riga sun ajiye sitiyari. Ya ci tsere a San Remo, Pau, Perpignan, Marseille, Monza da Albi. Da aka kafa gasar duniya ta Formula 1 a 1950, kamfanin Alfa Romeo ya ɗauke shi.

Nasararsa ta farko a gasar, a Monaco cikin Mayun 1950, ta nuna irin kaifin lurarsa. A zagayen farko igiyar teku ta watso ruwa kan titi a kwanar Tabac, motoci da dama suka yi karo a bayansa suka tare hanya, shi kuwa bai sani ba. Da ya sake zagayowa, sai ya lura cewa 'yan kallo ba shi suke kallo ba, alhali shi ne a gaba; duk sun juya suna duban wani abu a bayan kwanar. Ya taka birki tun bai ga komai ba, ya lallaɓa ya wuce ta tsakanin tarkacen, ya ci tseren. A wannan shekara abokin aikinsa Giuseppe Farina ne ya ɗauki kambu. A 1951 Fangio ya karɓe shi.

Shekarar 1952 ta kusa zama ta ƙarshe a gare shi. A watan Yuni ya yi tsere a Ireland ta Arewa, washegari kuma yana da alkawarin wani a Monza, a Italiya. Jirgi ya kuɓuce masa, sai ya kwana yana tuƙi daga Faransa, ya isa filin ana dab da tashi, a gajiye, bai ko gwada motar ba. A zagaye na biyu ya yi kuskure, motar ta wuntsila ta jefar da shi, ya karye a wuya. Bai sake tsere ba a wannan shekarar, kuma wuyansa bai koma daidai ba har ƙarshen rayuwarsa. Shi da kansa ya ɗora laifin a kan gajiya da gangancinsa. Ya dawo a 1953 da Maserati, ya zo na biyu a bayan Alberto Ascari na Ferrari.

Shekaru huɗu a jere

A 1954 ya fara kaka da Maserati, ya ci tseren Ajantina da na Beljiyam. Da motar Mercedes-Benz mai lamba W196 ta kammalu a tsakiyar shekara, ya koma can ya ci wasu huɗu: Faransa, Jamus, Suwizalan da Italiya. A 1955 Mercedes ta haɗa shi da matashin Birtaniya Stirling Moss. A tseren Ajantina na wannan shekara zafi ya yi tsananin da direbobi suka riƙa sauka suna miƙa motocinsu ga wasu. Fangio ya tuƙa tasa shi kaɗai har ƙarshe, wani ƙarfen jikin motar da ya yi zafi yana ƙona masa ƙafa, tabon da ya zauna masa.

A ranar 11 ga Yunin 1955 aka yi mummunan haɗarin da ya fi kowane muni a tarihin tseren motoci, a gasar sa'o'i 24 ta Le Mans a Faransa. Motar Mercedes da Pierre Levegh ke tuƙawa ta hau bayan wata, ta tashi sama, ta tarwatse cikin jama'a. Levegh da 'yan kallo fiye da 80 suka mutu. Fangio na biye da shi a baya kaɗan, ya tsallake da ƙyar. Daga baya ya riƙa cewa hannun da Levegh ya ɗaga masa na gargaɗi ne ya cece shi. Cikin dare Mercedes ta janye motocinta alhali ta Fangio da Moss ce ke kan gaba. An soke tseren Formula 1 na ƙasashe huɗu a wannan shekara, Suwizalan ta haramta tseren zagaye a ƙasarta, Mercedes kuma ta fice daga harkar a ƙarshen kaka, bayan Fangio ya ɗauki kambunsa na uku.

Ya koma Ferrari a 1956, inda jininsa bai haɗu da na mai kamfanin, Enzo Ferrari, ba. A nan ne masu sukarsa suka sami babbar hujjarsu. Dokar lokacin ta yarda direban da motarsa ta lalace ya karɓi ta abokin aikinsa, su raba maki. A tseren ƙarshe a Monza sitiyarin motar Fangio ya sami matsala. An nemi Luigi Musso ya ba shi tasa, ya ƙi. Peter Collins, matashi ɗan Birtaniya wanda shi ma yana da damar zama zakara a ranar, ya shigo wurin gyara ya sauka ya miƙa wa Fangio motarsa. Fangio ya zo na biyu, ya ɗauki kambu na huɗu da tazarar maki uku a kan Moss.

Ranar Nürburgring

In akwai rana ɗaya da ta fi wahalar da masu cewa mota ce ke yi wa Fangio aiki, to 4 ga Agustan 1957 ce. Ya koma Maserati, yana tuƙa 250F, motar da aka fara tsere da ita tun 1954. Filin Nürburgring na Jamus yana da tsawon kusan kilomita 23 a kowane zagaye, da kwanoni fiye da 170, cikin daji da tuddai. Za a yi zagaye 22.

Motocin Ferrari na Mike Hawthorn da Peter Collins sun cika tanki don su yi tseren ba tsayawa. Fangio ya zaɓi tashi da rabin tanki, don motar ta yi sauƙi, ya tara tazara, sannan ya tsaya ya ƙara mai ya sauya taya. Ya tara kusan sakan 30. Amma a wurin gyara aikin ya cuɗe, notin taya ya gangara ƙarƙashin mota, aka ɓata lokaci ana nemansa. Da ya koma kan titi, motocin Ferrari biyu sun ba shi tazarar kusan sakan 50, saura zagaye goma.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin da ake tuna tseren har yau. Ya riƙa shiga kwanoni da giyar da ta fi wadda ya saba, yana karya tarihin gudun filin zagaye bayan zagaye. A zagaye na 20 ya yi minti 9 da sakan 17.4, wato ya fi gudun da ya yi a ranar gwaji da kusan sakan takwas, alhali a gwaji babu cunkoso kuma babu gajiya. A zagaye na 21 ya wuce Collins, ya wuce Hawthorn, ya ci tseren da tazarar da ba ta kai sakan huɗu ba. Yana da shekara 46, kuma har yau babu wanda ya zama zakaran duniya da yawan shekaru irin nasa. Daga baya ya bayyana cewa ya yi kwanaki bai iya barci ba saboda tuna kasadar da ya yi, kuma ba ya fatan sake irinta. Wannan ce nasararsa ta 24, kuma ta ƙarshe.

Havana da ritaya

A daren 23 ga Fabrairun 1958, jajibirin tseren Kyuba, wani ɗan bindiga ya tsare shi a zauren otal ɗin Lincoln da ke Havana. 'Yan ƙungiyar 26 ga Yuli ta Fidel Castro ne, masu neman kunyata gwamnatin Fulgencio Batista, wadda ta shirya tseren don nuna wa duniya cewa lafiya lau ake zaune. Ba su cutar da shi ba, suka sake shi bayan kwana guda a hannun jami'an diflomasiyyar Ajantina. Tseren da aka yi ba shi ya ƙare da haɗari: wata mota ta kutsa cikin 'yan kallo, aƙalla mutum shida suka mutu. Fangio bai riƙe masu garkuwar a zuci ba.

A watan Yulin wannan shekara ya yi tserensa na ƙarshe a Reims, a Faransa, ya zo na huɗu. Hawthorn, wanda ya ci tseren, ya cim masa a kusa da ƙarshe, amma ya sassauta don kada ya wuce shi da zagaye guda, saboda girmamawa. A wannan tseren ne Luigi Musso ya mutu. Wata guda bayan haka Peter Collins ya mutu a Nürburgring.

Hujjojin masu suka

Masu rage wa Fangio daraja ba su rasa abin kamawa ba. Na farko, gaskiya ne cewa a 1951, 1954 da 1955 motar da ke hannunsa tana cikin mafi ƙarfi a fili. Na biyu, biyu daga cikin nasarorinsa 24 da motar wani ya same su: ta Luigi Fagioli a Faransa a 1951, abin da ya fusata Fagioli har ya bar Formula 1, da ta Musso a Ajantina a 1956. Kambun 1956 kuwa da kyautar Collins a cikinsa. Na uku, Alberto Ascari, wanda wasu ke ganin ya fi shi tsantsar gudu, ya shafe mafi yawan 1954 yana jiran motar Lancia da ba ta kammalu ba, sannan ya mutu a Monza a Mayun 1955. Babban abokin hamayyarsa ke nan ya kau. Na huɗu, kakar wancan zamani tsere shida zuwa tara ce, ta yau ta wuce ashirin, kuma direbobi da yawa a lokacin attajirai ne masu sha'awa, ba ƙwararrun da aka horar tun suna yara ba. A ƙarshe, Fangio bai taɓa cin Le Mans ko Mille Miglia ta Italiya ba. A Mille Miglia ta 1955 Moss ne ya ci, shi ya zo na biyu.

Abin da hujjojin suka bari a baya

Sai dai kamfani ba ya miƙa motarsa mafi kyau ga wanda ya ga dama. Alfa Romeo, Mercedes, Ferrari da Maserati duk sun nemi Fangio ne domin sun san abin da zai yi da kayansu. Ma'aunin da ya fi adalci shi ne a duba waɗanda suka tuƙa mota iri ɗaya da tasa. A 1954 Karl Kling da Hans Herrmann suna da W196 kamar shi, babu wanda ya ci tseren gasar duniya ko ɗaya a cikinsu. A 1955 Fangio ya ci huɗu, Moss ya ci ɗaya, a Aintree, kuma Moss ya rayu yana tambayar kansa ko Fangio ne ya bar masa saboda a gida yake. Moss bai taɓa daina cewa Fangio ne ya fi kowa ba.

Batun ƙarancin tsere kuma takobi ne mai kaifi biyu. A kakar da ba ta wuce tsere bakwai ko takwas ba, injin da ya ƙone sau biyu ya isa ya rushe shekara. A nan ne koyon garejin Balcarce ya yi masa rana: ya san sautin injin da ya gaji, ya san lokacin ɗaga ƙafa. Kusan kashi 47 cikin ɗari na tseren da ya shiga ya ci, yayin da Schumacher, mai nasara 91, bai kai kashi 30 ba. Sau 29 ya tashi daga matsayi na farko, kuma a tsere 48 cikin 51 a sahun gaba ya tashi. Kambunsa biyar sun tsaya shekara 46 ba a wuce su ba, sai da Schumacher ya ɗauki na shida a 2003. A 2016 masu bincike a Jami'ar Sheffield ta Birtaniya suka yi ƙoƙarin ware gudummawar direba daga ta mota ta hanyar lissafi, Fangio ne ya fito na farko.

Akwai kuma abin da lissafi ba ya nunawa. Direban 1950 yana zaune ne ba bel ɗin kujera, tankin mai na bayansa, tayoyinsa sirara, gefen titi kuma bishiyoyi ne da ramuka da gidajen mutane. Hular kwano ma sai a 1952 ta zama dole. Fagioli ya mutu a 1952. Onofre Marimón, ɗan ƙasarsa da ya ɗauka tamkar ƙane, a 1954. Ascari a 1955. Eugenio Castellotti a 1957. Musso da Collins a 1958. A irin wannan fage, sanin motar da za a amince wa, sanin ranar kasada da ranar haƙuri, da sanin lokacin tafiya gida, su ne ainihin sana'ar. Abin da masu suka ke kira wayon bin mota wani ɓangare ne na wannan sanin.

Bayan tsere

Fangio ya koma Ajantina ya shiga cinikin motoci. A 1974 ya zama shugaban reshen Mercedes-Benz na ƙasar, daga baya kuma shugaban girmamawa har ƙarshen rayuwarsa. Wannan babi yana da inuwar da masoyansa ba sa son a taɓo. A zamanin mulkin sojan da ya fara a 1976, an sace wasu ma'aikatan masana'antar kamfanin, aka nemi da yawansu aka rasa. Iyalansu sun zargi reshen da haɗa baki da jami'an tsaro, ƙarar da ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 2014 ta ce kotunan ƙasar ba su da hurumin sauraronta. Fangio ya rasu tun kafin a shigar da ƙarar, amma a zamanin shugabancinsa abin ya faru, kuma masu bin tarihin wancan lokaci ba su daina tambaya kan shirunsa ba.

Bai taɓa aure ba, kuma an daɗe ana ɗauka bai bar ɗa ba. A 2015 wata kotu ta ba da umarnin tono gawarsa, gwajin ƙwayoyin halitta kuma ya tabbatar da cewa ya bar 'ya'ya maza, waɗanda a lokacin su ma sun manyanta.

Ya rasu a Buenos Aires ranar 17 ga Yulin 1995 yana da shekara 84, aka kai shi Balcarce. Stirling Moss da Jackie Stewart na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawarsa. A 2021 aka mayar da ƙasusuwansa gidan tarihin da aka buɗe da sunansa a garin tun 1986, inda motocin tserensa da kofunansa suke ajiye, a garin da mutanensa suka yi masa karo-karon sayen Chevrolet.